Keke a Kan Mota: Tarihin Ragowar Tafiya a Ƙasar Gaya da Ajingi

A shekarar 1999, ina ɗan shekara tara, kakana ya tafi da ni kasuwar Wudil. Juma'a ce, ranar da kasuwar ke ci. Mun bar ƙauyenmu da ke ƙasar Ajingi bayan sallar asuba, yana tuƙa tsohon kekensa Rali, ni kuma ina goye a kariya, na ware ƙafafu kada taya ta ci min dunduniya. Da muka fito bakin titi sai muka tsaya jiran mota. Bas ta zo, yaron mota ya dubi keken, ya dubi kakana.

"Baba, keken nan fa kuɗin mutum guda ne."

"Yaro, wane irin mutum ne wannan da ba a ba shi kujera?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya, aka daidaita a rabin kuɗi. Yaron ya cilla keken saman mota, ya ɗaure shi da robar tsohon tub, muka isa Wudil lafiya.

A dawowa ne aka yi ta. Mota ta cika maƙil, an kwantar da keken a ƙasa, an jibga masa buhunan hatsi. Da aka sauke mu dab da magariba sai muka tarar gargaren baya ya lanƙwashe, tayar ko juyawa ba ta yi. Mota ta riga ta wuce, mai gyara kuma ya tashi. Kakana ya ɗaga bayan keken da hannu ɗaya, ya riƙe kansa da ɗayan, ya ce da ni, "Abokina, yau dokin ya gaji, sai mu taka." Ba mu shiga gida ba sai bayan isha'i.

Na manta da wannan dare sai bara, da wani abokin aikina Bajamushe, wanda muke rubuta manhaja tare ta intanet, ya turo mana hoton hutunsa. Irin motar nan ce mai gado da murhu a ciki, wadda Turawa ke yawon shaƙatawa da ita suna kwana duk inda dare ya yi musu. A ƙofar bayanta an kafa wani ƙarfe, kekuna biyu na tsaye a kansa, kowanne tayoyinsa a cikin kwalbatinsu, wani hannu ya riƙe shi a ƙugu, ba wanda ke gogar wani. Na daɗe ina kallon hoton. Shi da kakana abu ɗaya suka yi: sun ɗora keke a mota domin akwai inda mota ba za ta kai su ba. Dalilan da suka kai su ga hakan ne suka bambanta, kuma a cikin wannan bambanci akwai tarihin hanyoyinmu.

Kafin dokin ƙarfe

Gaya tsohon gari ne, kimanin kilomita 60 da 'yan kai gabas da birnin Kano. Ruwayar da aka daɗe ana yi ta ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya sauka a gindin Dala, kuma Abagayawa zuriyarsa ce. Tarihin Kano ya ambaci Agalfati, Sarkin Gaya, a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15. Garin yana kan hanyar da ta haɗa Kano da ƙasashen gabas har Barno, don haka ayari ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Ajingi kuwa a ƙarƙashin Gaya take kafin ta sami tata ƙaramar hukumar, kuma har yau ita da Gaya da Albasu ɗan majalisar wakilai ɗaya suke turawa Abuja.

A zamanin ayari tafiya ba ta rabuwa biyu. Jakin da aka ɗora wa mangala a ƙofar gida shi ne zai kai kaya har kasuwa, ya dawo da mai shi har ƙofar gida. Hanyar da ta fito daga ƙauye da wadda ta nufi birni duk turɓaya ce da rairayi, abin da ya iya wannan ya iya waccan. Ana shan wahala, ana kwana a hanya, amma ba wanda aka taɓa saukewa a tsakiyar tafiya aka ce daga nan sai ka nemi wani abin hawan.

Jirgin ƙasa ne ya fara raba tafiya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, sannan a 1930 aka kammala reshen da ya bi ta Ringim zuwa Nguru, arewa da ƙasar Ajingi. Daga nan tafiya ta zama gida biyu: mai sauri, wadda ke bin layi ɗaya tana tsayawa a tashoshi ƙidayayyu, da kuma ragowar, daga tasha zuwa gida, wadda aka bar wa kowa ya san yadda zai yi da ita.

Zuwan Rali

Keken da muka sani, mai tayoyi biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, a Ingila aka daidaita shi. John Kemp Starley ya fito da samfurinsa a 1885, John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska a 1888. A daidai wannan lokaci aka kafa kamfanin Raleigh a birnin Nottingham, sunan titin da shagon yake ne ma ya bi shi. Hercules ya biyo baya a Birmingham a 1910. Kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa, irin su UAC, su ne suka riƙa shigo da kekunan kantunansu. Kuɗin gyaɗa ya fita ta ƙofa ɗaya ya koma ta ɗaya.

Hausawa suka ce masa basukur, suka ce dokin ƙarfe, daga baya keke ya rinjaya. Da farko na ma'aikatan En'e ne da malaman makaranta da 'yan baranda masu bin ƙauyuka sayen gyaɗa. Sannu a hankali ya zama abin da manomi ke sa wa rai idan kaka ta yi kyau. Rali mai kan zalɓe a goshinsa ya zama abin ado: a naɗe masa jiki da leda mai launi, a sa masa madubi biyu da ƙararrawa da fitila mai aiki da dinamo. Hukuma ma ta san da shi, domin ana yankar masa lamba a biya kuɗi, kuma har a kundin tsarin mulkin 1999 ba da lasin keke yana cikin ayyukan da aka lissafa wa ƙananan hukumomi. Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Raleigh a duniya, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya suka shigo da araha suka ci kasuwar. Ita kanta masana'antar Nottingham ta daina ƙera keke a 2002.

Akwai wani abu guda game da keke da ba a cika kula da shi ba. Shi ne abin hawa na farko a ƙasar nan da zai ɗauki mutum da buhu, sannan mutum ɗaya ya ɗaga shi ya ɗora a kan wani abin hawan. Nauyin Rali bai wuce kilo ashirin da 'yan kai ba. Jaki ba ya hawa saman mota, doki ma haka. Keke ne kaɗai ya dace da tafiyar da ta rabu biyu, domin a rabin farko shi ne abin hawa, a rabi na biyu ya koma kaya, a sauke shi ya sake zama abin hawa.

Inda kowace mota ta ajiye shi

Da motoci suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu, manyan motoci masu bodin katako ne suka fara jigilar mutanen karkara: Bedford da Austin, daga baya Marsandi 911. A kansu keke bai rasa wuri ba. Ana rataye shi a jikin katakon gefe ko a marfin baya, a ɗaure da igiyar rama, mai shi yana zaune a kan buhu yana leƙensa. Bodin katako duk ramuka ne da sanduna, ko'ina akwai wurin zura igiya, don haka keken yana tafiya a tsaye ko a rataye, ba abin da ke danne shi.

Sai shekarun man fetur. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. A-kori-kura ta zama motar kasuwannin ƙauye, keke yana tsaye a bayanta tare da awaki da masu su. Daga nan ƙananan bas suka karɓe hanya, Hayis da J5 da ire-irensu. Jikinsu sumul yake, ba katako ba sanda, sai masu walda suka ƙera musu kariya a sama. Wannan kariya ta kowa ce: buhu, katifa, kwandon kaji, jarka, keke. Yaron mota yana lodi ne bisa yadda kaya suka iso, kuma tun da keke shimfiɗaɗɗe ne, sai a kwantar da shi a fara da shi. Abin da ya sami Ralin kakana ke nan. Yanzu da Golf da Sharon suka cika tashoshin Wudil da Gaya, a but ake cusa shi, rabi a ciki rabi a waje, a ɗaure marfin da igiya.

Idan aka bi jerin nan za a ga motocin suna ƙara sauri da laushin kujera, wurin keke kuwa yana ƙara ƙuntata. An shimfiɗa kwalta daga Kano ta gadar Wudil zuwa Gaya, ta wuce Dutse, wadda ta zama babban birnin Jigawa a 1991. An shiga aikin mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye. Amma mutumin da gidansa ke cikin ƙauyukan Toranke ko Gurduba ko Kunkurawa, ko rugagen bayan Kademi, in an sauke shi a bakin titi yana da sauran tafiya, da rani cikin rairayi, da damina cikin taɓo. Mu masu aikin kwamfuta mun san irin wannan a harkar sadarwa: jan babbar waya daga birni zuwa birni shi ne mai sauƙi, kai ta ƙofar kowane gida shi ne mai cin kuɗi, shi ya sa kullum ake barinsa a ƙarshe. Keken da ke saman bas shaida ne cewa ba a gama aikin ba.

Baƙin da suka ratso Sahara

Motar kwana irin ta abokin aikina ita ma tana da nata tarihin, kuma ya taɓa biyowa ta ƙofar gidanmu. Volkswagen ta fito da ƙaramar bas ɗinta a 1950. Shekara guda bayan haka wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fara sa mata gado da teburi da kabad. Wannan motar dai ita ce ta zama danfo a Legas. A can an cire kujeru don mutum biyu su miƙe ƙafa, a nan an ƙara benci don a ɗauki sha huɗu.

Daga shekarun 1960 zuwa 1980 matasan Turai sun riƙa ratso hamada da irin waɗannan motoci, daga Aljeriya ta Tamanrasset, su faɗo Agadas, su biyo Damagaram, su shigo Kano. Da yawansu a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai suke sauka. Masu niyyar Kamaru da Chadi sai su ɗauki hanyar Maiduguri, su haye gadar Wudil. Abin da ke ɗaure a jikin motocinsu a wancan lokaci jarkokin mai ne da na ruwa da tayoyin safaya da faranta na fitar da mota daga yashi. Rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa a farkon shekarun 1990 suka rufe wannan hanya.

A can gida kuwa motar ta ci gaba da girma, har ta yi wa lungunan tsofaffin garuruwansu yawa. Mai ita sai ya ajiye ta a sansani a bayan gari, ya sauke keke ya shiga sayen burodi ko ya zaga bakin tafki. Da buƙatar ta yawaita sai ta zama sana'a. Thule na Sweden, wanda aka kafa a 1942, da Fiamma na Italiya suna cikin kamfanonin da suka shahara da ƙera ƙarfen ɗaukar keke. Kowanne yana zuwa da rubutaccen iyakar nauyinsa, galibi wajen kilo 60. Doka ta shigo: kada kaya su rufe lambar mota ko fitilun baya, in sun rufe sai an sa wasu a jikin ƙarfen. A Italiya da Sifen, kayan da suka zarce bayan mota sai an liƙa musu allo mai ratsin ja da fari don na baya ya gani.

Nasu keken na nishaɗi ne, in ya lalace hutu ne ya ɗan ɓaci. Namu in ya lalace, tsoho da jikansa ne a daji da dare. Duk da haka nasu ne aka zauna aka auna aka ƙera wa mazauni.

Lissafin nauyi

Ɗora kaya a bayan mota ba daidai yake da zuba su a ciki ba, kuma lissafin ba shi da wuya. A ce tsakanin tayoyin gaba da na baya mita uku ne, kayan kuma suna rataye mita ɗaya bayan tayoyin baya. A ce kekuna uku ne da ƙarfensu, kilo 75. Tayoyin baya za su ji kilo 100, na gaba kuma a rage musu kilo 25, kamar yadda yaro ke danna ƙarshen katako ɗaya ƙarshen ya ɗaga. Gaban mota in ya yi sauƙi, sitiyari ba ya kama ƙasa sosai. Shi ya sa Golf ɗin da aka cika wa but har marfinta ya kasa rufuwa take tafiya hanci a sama, fitilunta na haska idon mai tahowa.

Saman mota ma da nasa. Duk abin da aka ɗora a can yana ɗaga tsakiyar nauyin motar, sai ta riƙa rangaji a kwana, in taya ta fashe kuma ta fi saurin kifewa. Robar tub tana miƙewa da zafin rana, girgizar hanya tana sassauta ƙulli. Keken da ya suɓuce daga saman bas a kan titin Wudil zuwa Gaya yana iya zama ajalin mai babur ɗin da ke biye. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana yaƙi da lodin da ya wuce ƙa'ida. Kamu da tara suna rage wani abu, amma ba sa gaya wa direba inda zai sa keken fasinjansa, fasinjan kuma ba zai bar keken a bakin titi ba.

Tafiyarsa da dawowarsa

An yi lokacin da aka ɗauka keke ya gama yayi. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa ma'aikata suka koma babur. Bayan matsin tattalin arziki da ya biyo tsarin 1986, acaɓa ta bazu, sannan baburan Sin masu araha suka cika ƙauyuka bayan shekarar 2000. Kowace mahaɗa a hanyar Gaya ta sami matasa masu jiran wanda mota za ta sauke. Ragowar tafiya ta zama abin saye, keke kuma ya koma alamar rashi. Da Ojo Maduekwe, ministan sufuri na lokacin, ya hau keke zuwa aiki a Abuja a 2001 don jawo hankalin jama'a, mota ta ture shi cikin kwata, mutane suka mai da abin barkwanci.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin acaɓa daga titi zuwa ƙauye ya bi ta. Sai aka shiga janyo kekunan da aka jingine a bayan rumbu, masu faci da masu ɗaurin sifoki suka dawo da aiki. A zuwana gida na baya-bayan nan na ga malaman firamare da masu kai madara da 'yan makaranta a bakin titi, kowa riƙe da kan kekensa, ana ciniki da yaron mota irin wanda kakana ya yi. Motocin ne suka canja, igiyar tana nan.

Maganin asali hanya ce, a kai ta ƙauyukan, wannan kuma aikin gwamnati ne da ba a san ranar gama shi ba. Kafin nan akwai ƙaramin abu da ke hannunmu. Ƙarfen ɗaukar keke ba wata fasaha ce mai nisa ba: kwalbati biyu ko uku na zaman taya, sandar da za ta riƙe jikin keken, wurin kafawa a jikin mota mai ƙarfi, da ɗan allo mai ƙyalli. Masu waldar Gaya da Wudil da ke ƙera ƙofofi da amalanke da kariyar saman bas ba za su gaza wannan ba. Abin da ya rage shi ne a yarda da awo ɗaya da iyakar nauyi ɗaya, ƙungiyar direbobi ta tsayar da kuɗin keke yadda ba sai an yi ta ja-in-ja ba, jami'an hanya kuma su san wanda aka ɗora bisa ƙa'ida. A aikinmu, in na'urori biyu za su riƙa haɗuwa kullum, ba a barin mahaɗarsu ga sa'a. Keke da mota sun fi shekara saba'in suna haɗuwa a bakin titin Gaya.

Ralin kakana yana nan a zauren gidanmu. Bayan wancan dare ya kai shi wurin mai gyara, aka buga gargaren aka sake ɗaure sifoki, amma har ya rasu in yana tafe tayar baya tana ɗan lilo. Bai ƙara yarda a ɗora masa shi a mota ba. In zai je Wudil sai ya bar shi a gidan wani amininsa da ke bakin titi, in kuwa tafiyar Gaya ce, sai ya yi sammako ya tuƙa abinsa har can. Yanzu ɗan ƙanena ne ke zuwa makarantar sakandare da shi.